Ba Wanda Aka Taɓa Kayarwa da Gaskiya

A wasannin intanet na yaƙin butum-butumi, inda mutum ke tuƙa ƙaton ƙarfe mai ƙafafu yana ɓarin wuta, har yau ba a samu wanda ya sha kaye don bai iya ba. Duk wanda aka tarwatsa, kuɗi ne suka tarwatsa shi. Shi kuwa wanda ya yi tarwatsawar, ko albashinsa kaf ya zuba a wasan, zai rantse maka gwaninta ce zalla, katin banki rakiya kawai ya yi masa.

Rigimar ba yau ta fara ba. A watan Disamba na 2013 kamfanin Piranha Games na ƙasar Kanada, masu wasan MechWarrior Online, suka fito da butum-butumi masu ruwan gwal, kowane ɗaya dala 500. Jama'a suka yi caa, wai an sayar da nasara ga masu hannu da shuni. Alhali gwal ɗin ba ya harbi, ba ya tare harsashi. Babban amfaninsa shi ne a filin da mutum 12 ke fuskantar 12, abokan gaba su hango ka tun daga nesa kana walƙiya, su manta da kowa su taru a kanka. Dala 500 don a fara kashe ka! Ni dai ban ga zalunci a nan ba, sadaka na gani.

A shekarar ce kuma kamfanin ya sa dokar cewa in ka harba manyan makamai iri ɗaya da yawa lokaci guda, injinka zai ɗau zafi fiye da kima, har ya mutu maka a tsakiyar fili. Waɗanda aka daɗe ana gasawa suka ce yau adalci ya sauka. Masu gashin suka ce an kashe wasa, sun tafi ba za su dawo ba. Washegari da asuba suna ciki.

Inda abin ya fi armashi shi ne War Robots na kamfanin Pixonic, wanda ya fito a waya a 2014, shida da shida. Ƙorafin 'yan wasan kullum ɗaya ne. A fito da sabon butum-butumi mai ƙarfin tsiya, masu kuɗi su yi rububin saye, su yi wata da watanni suna sheƙe ayarsu. Talakawa su yi ta kuka a rage masa ƙarfi. Sai kamfani, saboda tsabar tausayi, ya dandaƙe shi daidai lokacin da talakan ya gama tara nasa da guminsa, kuma daidai lokacin da wani sabon ya iso kanti. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ke ba ni dariya shi ne saurin sauya sheƙa. Malamin da jiya ya rubuta doguwar takarda cewa wannan makami haramun ne, bari ya samu rangwame ya saya. Gobe za ka ji shi yana wa'azi: "Ai ba makamin ba ne, ku koyi wasa." A taɓa nasa kuwa, sai ya zama lauya, ya zo da jadawali da lissafin daƙiƙoƙi, mutumin da ko canjin cefane ba ya iya lissafawa. Daidaito a wurinsa shi ne a rage wa duk abin da ke kashe shi ƙarfi, a bar abin da ke garejinsa.

Kai kuma mai taƙamar ko sisi ba ka taɓa biya ba, ka daina cewa kamfani bai damu da kai ba. Ya damu ƙwarai. Alhajin da ya zuba dalolinsa yana bukatar wanda zai harba, kuma kai ne kake zuwa kowane dare, a kan lokaci, da datarka da cajin wayarka. Ka nemi a fara biyan ka alawus.