Shata a FLAC

Wani sabon ciwo ya kama samarin Ƙofar 'Yandaka: gyaran kwamfuta don waƙa ta fito tangaran. Sai ka ga yaro ya sauke manhajar foobar2000, ya rufe bakin duk wata ƙarar Windows, ya sayo ɗan akwatin DAC da kuɗin buhun gero, yana ta jan layukan sauti sama da ƙasa har tuwo ya huce.

To me za a saurara? Alhaji Mamman Shata. Waƙar kuwa a kaset take tun kafin rasuwarsa a 1999. Mai turin waƙa ya matse ta zuwa MP3, ta yi yawo daga waya zuwa waya. Gogan naku sai ya juya ta zuwa FLAC, wai ya ƙara mata inganci. Fayil dai ya kumbura, amma abin da MP3 ya zubar ba ya dawowa, shuuu ɗin kaset ma yana nan daram.

Yana kunnawa aka ɗauke wuta, maƙwabci ya tada janareta, kalangu ya ɓace ɓat.

Ɗan'uwa, nemo kwafi mai kyau tukuna, sannan ka lallaɓa maƙwabci ya matsar da injinsa daga gindin tagarka.