Yadda Ake Tabbatar wa Ofis Cewa Ƙafa Ba Ta Nan

Kowa a Kadawa ya san tsohon sojan nan da ke zama bakin kwalbati da hantsi, sandarsa a gefe, yana kallon ruwan Tiga na kwarara cikin gonar tumatir. Ƙafarsa ta hagu a gwiwa ta tsaya. Mai unguwa ya sani, yaran da ke ɗaukar masa kwando sun sani. Sai dai a ƙa'idar kuɗin naƙasa, sanin gari ba hujja ba ne. Ƙafa ba ta tafiya sai likita ya rubuta cewa ta tafi, ya sa hannu, ya buga hatimi.

To Baba, in an dawo maka da buƙatarka, kada ka naɗe tabarma. Fara lalubo takardar sallama da lambar aikinka, in gara ta bar su a ƙasan adaka. Sai rahoton kwamitin likitocin soja, irin na Asibitin 44 da ke Kaduna. Su ke auna naƙasa kashi-kashi cikin ɗari, kamar yadda ake awon shinkafa da kwano a kasuwar Kura, kowane awo da kuɗinsa.

Inda aka fi kayar da bayin Allah shi ne danganta raunin da aiki. Dole takarda ta nuna a bakin aiki ka same shi, misali: yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ko Laberiya a rundunar ECOMOG daga 1990, ko dajin Sambisa. In babu wannan, mai duba fayil na iya ɗauka injin casa ne ya cinye ƙafar a Bunkure. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin wanda ake janyewa daga fagen fama cikin jini ba ya tsayawa karɓar rasit.

Rubuta ƙorafinka zuwa Hukumar Fanshon Sojoji da ke Dutsen Alhaji a Abuja, ka nemi ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion ta mara maka baya. Kwafi za ka miƙa, na asali ya zauna a leda cikin aljihunka, kuma a buga maka shaidar karɓa. In shiru ya yi yawa, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana zama a Kano.

Ko an amince, akwai tantancewa, inda za ka tabbatar kana raye. Ranar ka yi sammako, ka tafi da ƙafar da ta rage.