Maƙwabcin JAMB

Ranar Talata, ko addu'ar asuba ban shafa ba waya ta yi ƙara. Yayata ce daga Funtuwa. Ba ta tambayi yara ba, ba ta tambayi ƙafar da ke damuna tun damina ba. "Ka ji sakamakon ɗanka ya fito? Ɗari da sittin da biyu. Likita muke so. Tunda kuna kusa, ka leƙa ka yi musu magana."

Laifina ke nan a duniya: na kama haya a Ushafa, hedikwatar JAMB kuma tana Bwari. A lissafin danginmu, katanga ɗaya ta raba ni da shugaban hukumar. Matarsa kan aiko aron turmi, in akuyarsa ta ɓata a zaurena ake samunta. Abin da ya rage kawai in tare shi a ƙofa da buta a hannu in ce, "Ranka ya daɗe, wani yaronmu ne, ɗari huɗu ake nema, ya kawo ɗari da sittin da biyu. A cika masa, in ya zama likita zai biya."

Makarantar horar da lauyoyi ma a Bwari take, ba wanda ya taɓa cewa in karɓo masa hular gashin nan. Madatsar Usuma da ke shayar da Abuja ga ta nan a gefenmu, ba wanda ya aiko jarka. JAMB kaɗai aka ɗora mini, duk shekara, kamar zakka.

Na ce, "Yaya, tun 2017 ta kwamfuta ake ba da gurbi. CAPS ake ce wa tsarin. Jami'a ta zaɓa, hukuma ta amince, yaro ya shiga da kansa ya danna ya karɓa." Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ita kwamfutar ba ta da mai kunna ta?"

Na nemi yaron. Da ƙyar ya iya gaisuwa. "Kawu, ni fa jini nake tsoro. Ko kaza aka yanka fita nake yi." Uwarsa ce ta zaɓa masa likitanci a ABU, tana tsaye a kan mai shagon intanet. Lambar NIN da ake turawa 55019 ma ba da layinsa aka tura ba, da na wani abokinsa ne, abokin kuma ya tafi cirani Fatakwal da wayar. Ke nan makomar likitan gidanmu tana aljihun mai tura baro.

Ba yau aka fara ba. A watan Agustan 2000 Bill Clinton ya zo Ushafa, ya kalli masu ginin tukwane, aka yi masa tarba, ya koma. Ni a lokacin ina Funtuwa ina koyon keke, ko sunan garin ban sani ba. Amma har bara sai da wani ɗan baffanmu ya aiko mini fasfo a cikin leda, wai in nema masa bizar Amurka tunda mutumin ya san unguwarmu. Ya ƙara da cewa in na kira in gaida Hajiya Hilari.

Abin da ya sa na kasa karyawa ranar shi ne wannan. A gidan nan dai akwai ƙanwar yaron, tare suka zauna jarrabawar. Ɗari biyu da saba'in da ɗaya. Ita ce ta ƙi yin lalle a bikin 'yar gwaggonta don kada na'ura ta kasa karanta yatsanta, aka yi ta yi mata dariya. Da fitilar waya ta yi karatu, bayan wanke-wanke. A bakin yaron na ji makinta, Yaya ko ambatonta ba ta yi ba. Da na tambaya sai ta ce, "Wannan ai ta kusa ɗaki, kar ka wahalar da kanka." Wahala? Yarinyar da ba ta bukatar kowa ya yi mata magana, kuɗin jarrabawar tantancewa ta jami'a da na mota kawai take nema! Na tura mata kuɗin, na kashe wayar kafin in faɗi abin da ba a faɗa wa babba.

Jiya da yamma direba ya kira ni daga tasha, wai akwai saƙo daga Funtuwa. Zabbi biyu da kwanon man shanu, da takarda: a kai wa mutanen. Ɗaya tana tukunya yanzu haka. Ɗayar na ɗaure ta a tsakar gida, tun dare take kuka, kuma na lura Bwari take fuskanta.