Yadda Ake Sulhu da Fankar Hitar Tsohuwar Mota

Da zarar Disamba ta kama, hunturu ya buso, masu tsofaffin motoci daga Jos zuwa Zariya sai su tuna ashe motarsu tana da hita. Esi ya rasu tun a hannun mai motar na farko, don haka wata goma ke nan ba wanda ya leƙa fanka ya ce mata sannu. Ranar da aka murɗa maɓallinta da sassafe za a kai yara makaranta, sai ta amsa da ƙugi kamar injin markaɗen unguwa. Malam mai mota, kwantar da hankalinka, kada ka kira dillali. Wannan matsala ba ta kai a sayar da akuya ba.

Mataki na farko, rage rediyo. Ƙure sautin waƙar Shata yana sanyaya zuciya, amma bai taɓa gyara fanka ba. Ajiye mota, kashe inji, murɗa makulli har fitilun dasbod su kama, sannan ka bi lambobin fanka daga 1 zuwa 4. In ƙarar tana hawa tare da lamba, ka kama mai laifi. In kuwa shiru ka ji, ƙarar ba ta tashi sai inji ya tashi, to ka nemi afuwar fanka ka je ka tuhumi fambel.

Mataki na biyu, koyi yarenta, domin kowane kuka da abin da yake nufi. In ka ji kaf-kaf-kaf, wani abu ne ya faɗa ciki, ganyen darbejiya ko tsohon rasiti. In ƙiii ce mai shiga haƙori da safe, ta lafa bayan mota ta ɗumama, boris ne ya bushe, ƙurar hunturu ta shanye mansa. In dasbod ne ke rawar ɗari har tasbahar da ke jikin madubi tana lilo, ƙafar fankar ta rasa daidaito, ko don datti ya taru a gefe ɗaya ko don fiffike ya karye. In kuma ta ƙi 1, ta ƙi 2, ta ƙi 3, sai a 4 take tashi da dukan ƙarfinta, ba girman kai ba ne, ɗan rizisto da ke kusa da ita ne ya ƙone.

Mataki na uku, kai mata ziyara har ɗaki. Cire kan batir mai alamar ragi tukuna, kada ta tashi da yatsanka a ciki. A yawancin motoci tana zaune ƙarƙashin ɗan akwatin da ke gaban kujerar mai zaman banza. Tura kujerar baya, ka kwanta rigingine, kai a ciki ƙafa a waje, tocila a hannu. Ka sanar da iyali kafin ka fara, don kada maƙwabta su ga ƙafafu su fara salati. Zare filogin wayarta, kwance kusoshin da ke riƙe da ita, galibi uku ne, ka tara su a aljihu. Kusar da ta shige ƙarƙashin kafet sai dai jikoki su gaje ta.

Mataki na huɗu, sallami 'yan haya. Kada ka yi mamakin ganin ɓawon gyaɗa, auduga da yagaggen soson kujera: ɓera ne ya yi aure ya tare. Kafin ka tsine masa ka tuna, in ɓera da sata daddawa ma da wari, kai ne kake barin ƙuli-ƙuli da ragowar biredi su kwana a mota. A nan dai ba wasa. Ɓera na ɗauke da zazzaɓin Lassa, don haka sa safar hannu da takunkumi, ka jiƙa sheƙar da ruwan bilic kafin ka kwashe, kada ka hura ta da baki. Goge fikafikan da tsohon buroshin haƙori. In ka ga 'yan ƙananan ƙarafa maƙale a jikinsu, bar su, kamfani ne ya sa su don ƙafar ta daidaita.

Mataki na biyar, ba ta mai. Ɗigo biyu ko uku na man keken ɗinki a inda sandar ƙafar ke shiga injin fankar ya isa. Man gyaɗa na ƙosai ne, manja na miya, bar su a madafa. Juya ƙafar da hannu. In ta juya sumul, alhamdu lillahi. In tana cijewa ko tana girgiɗi, kwananta ya ƙare. Haka ma fankar da ba ta tashi sai an mari dasbod: kabon ɗinta ne ya cinye, kuma mari ba ya tsirar da sabo.

Mataki na shida, in za ka saya, saya da ido. Ɗauki tsohuwar ka tafi da ita Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka gwada girma da filogi. Duk rantsuwar da mai shago zai yi cewa jiya ta sauka daga Beljiyam, ce masa ya haɗa ta da batir ka ji muryarta, ka kuma duba ɓangaren da take juyawa. In fis ya ƙone, sa mai lamba irin tasa. Guntun waya ko takardar kwalin taba a gurbin fis hita ce da ke ɗumama mota duka sau ɗaya, har da tayoyi.

Daga nan sai rigakafi. Ɗaga bonet lokaci zuwa lokaci ka share ganyen da ke taruwa a gindin gilashin gaba, domin ta nan fanka ke shaƙar iska. In motarka tana da matacin iskar ciki, canza shi bayan hunturu. Ka riƙa kunna fankar ko sau ɗaya a mako.

Kada ka bar kukan ya daɗe. Fankar da ke cijewa tana jan wuta fiye da ƙima, ta ƙone rizisto, ta narkar da filogi, aikin sa'a ɗaya ya koma na wuni a wurin mai wayarin. In kwanciya rigingine ta fi ƙarfin bayanka, kai ta ga bakanike ka faɗa masa irin kukan da ka ji, ka biya shi haƙƙinsa da daɗin rai. Allah Ya tsare hanya.