Masu Jinyar Tsohuwar Amfilifaya

Da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, gidaje da dama sun yi baƙin akwatuna masu fuskar azurfa daga Japan: Sansui, Pioneer, Kenwood, Akai. Yau masu su sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, akwatunan kuma na ƙarƙashin gado, ƙura da kyankyasai sun gaje su. Sai ga wasu bayin Allah, daga Tokyo zuwa Landan har Kano, sun ɗora wa kansu tayar da waɗannan tsofaffin amfilifayoyi. Ba don riba suke yi ba, aljihunsu ma shaida ne. Kuma in ka zauna da su za ka ga kowa da irin tasa lalurar.

Wanda ya fi yawa shi ne Jona-mu-gani. Ya samo Marantz 2270, ƙirar 1971, cikin kayan hannu da aka sauke daga Amurka. A bayanta an rubuta ɓaro-ɓaro cewa wuta 120 take sha, tamu kuwa 230 ce, amma wa ke da lokacin leƙa baya? "Bari dai mu ji ko tana da rai." Fis ya tsinke nan take, ya ba da ransa don ya ceci taransifoma. Sai gogan ya naɗe shi da takardar azurfar kwalin sigari ya sake jonawa. Wannan karon hayaƙi ne ya amsa masa, da wani wari da zai kwana uku a labule. Masu haƙuri sukan sa ƙwan lantarki irin na da, mai zare a ciki, tsakanin soket da na'urar. In ya haska ya dushe, to da sauƙi. In ya tsaya tar, akwai inda wuta ke haɗuwa a ciki, kuma ƙwan ya tare ta kafin ta yi ɓarna. Jona-mu-gani ya san wannan dabara sarai. Har koya wa mutane yake yi, bayan ya ƙona tasa.

Sai Sarkin Kafasita. Shi yana da 'yar gaskiyarsa: akwai kafasita masu ruwan sinadari a ciki, bayan shekara arba'in ko hamsin ruwan kan bushe, sauti ya fara gurnani. Matsalarsa ita ce bai yarda akwai wata cuta a duniya bayan wannan ba. Kawo masa amfilifaya wadda maɓallin ƙara murya ne kawai ya yi datti yana ƙarar-ƙarar, abin da feshi ɗaya zai warkar, sai ya girgiza kai ya ce, "Duka za a sauya." Ba zai ɗora mita ba, ba zai auna komai ba. Zai kwashe makonni yana narka dalma, ya tara tsofaffin a gwangwanin madara yana nuna wa baƙi, kamar wanzami da haƙoran da ya cire. Cikin sababbin kuma lalle sai ya juya ƙafar guda, ta ƙari ta koma gurbin ta ragi, ranar gwaji ta fashe ta watsa masa takarda a gemu. Bayan duk wannan gyaran gangar Auzinawa, in shuuu ne ake kuka da shi, yana nan daram, domin tun farko wata 'yar taransista ce, 2SC458 ta Hitachi, wadda duk masu harkar suka san ta da surutu in ta tsufa.

Babban abokin gabarsa shi ne Malam Kada-a-taɓa. A wurinsa duk abin da ya fito daga masana'anta amana ne. Yana da Sansui AU-717, irin wadda aka manne manyan kayan cikinta da wani gam da kan yi duhu in ya daɗe, ya riƙa cin ƙafafun abin da ke kusa da shi. An nuna masa tsatsar ƙiri-ƙiri.

"Malam, a kankare gam ɗin nan, zai kashe maka ita."

"Haba, Alhaji! Gam ɗin da aka shafa a Japan? Da tsohuwar zuma ake magani."

Gurnanin da take yi ma ya raɗa masa suna, wai ɗumin sauti ne. Kunne ɗaya ya daina magana tun bara, ya ce ai da ma yawancin faya-fayan Shata ba sa bukatar lasifika biyu.

Na fi jin daɗin zama da Na-ji-bambanci, mutumin amfilifaya masu kwalba, waɗanda ake kira bawul. Mafarkinsa McIntosh MC275 ta 1961, hirarsa kuma ba ta wuce kwalaben Telefunken na Jamus da na Mullard da aka ƙera a Blackburn ta Ingila. Sababbin da ake yi yanzu a Saratov ta Rasha, da Sulobakiya, da Sin, ko kallo ba su ishe shi ba. In ya sauya kwalba guda sai ya rufe ido, ya ɗaga yatsa, ya rantse kalangu ya matso gaba, 'yan amshi sun ja baya da taku biyu. Duk wannan fa janareton maƙwabci na ruri a gindin taga, uwargida kuma ta kira shi cin abinci sau uku bai ji ba. Wani abokinsa ya taɓa zagayawa bayan na'urar ya yi 'yan ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe, ya ce ya sa Telefunken, alhali bai taɓa komai ba. Mutumin ya yi shiru, ya numfasa, ya ce, "Ka ji abin da nake faɗa maka? Sama da ƙasa!"

Akwai Ai-na-zare-filogi, wanda bai san cewa cikin mai kwalba wuta kan haura 400 ba, kuma manyan kafasita kan riƙe ta bayan an kashe. Sau ɗaya ake zama irinsa. Wanda Allah ya yi wa gyaɗar dogo, daga ranar hannu ɗaya yake sawa a ciki, ɗayan na aljihu, kuma sai ya sauke wutar ya auna. Akwai kuma Mai-arha, da ke sayo taransista 2SC5200 mai tambarin Toshiba a farashin ƙosai, ta ƙone da an ɗaga murya, ya koma ya sayo huɗu a shagon da ya sayi ta farko.

Alhaji Gobe shi ba ya ƙona komai, domin ba ya gama komai. Ɗakinsa cike da amfilifayoyi a buɗe, kusoshinsu duka a kwano ɗaya, ba wanda ya san na wace ce. A tsakiya ga Pioneer SX-1980 ta 1978, mai wat 270 kowane ɓangare, nauyinta ya kai kilo 35, sai da majiya ƙarfi biyu aka shigo da ita. Ya kwance wayoyinta bai ɗauki hoto ba, wai ai yana da kai. Yanzu a kanta ake ajiye fulas ɗin shayi, shi kuma yana sauraron waƙa a wayarsa.

Na ƙarshe ba shi da laƙabi, don ba ya yawan magana balle a samo masa. Kafin ya taɓa ƙarfen dalma sai ya nemo zanen na'urar, ya jona ta ta ƙwan nan, ya auna ko akwai wutar da ke zubowa ta bakin lasifika, ya daidaita abin da ya goce. Wani lokaci abu uku kacal zai sauya ya mayar da murfi, kowace kusa a raminta. Cikinsu duka shi kaɗai na taɓa gani ya sa faifan Ɗan Maraya ya saurara har ƙarshe bai tashi ya murɗa wani abu ba.

Saboda haka mai karatu, in kana da ta gado a ƙarƙashin gado, kada ka jona ta yau, kada kuma ka miƙa wa wanda ya faɗi cutarta tun bai buɗe ta ba. Nemi wanda zai fara tambayarka lambar ƙirarta da shekarun da ta yi a kashe, ka kai masa, ka yi haƙuri da jinkirinsa.