Majigi Ya Dawo Tsakar Gidanmu

Mu dai a Kafanchan ba mu iya yin abu a ɓoye ba. Ka sayi akuya, kafin ka ɗaure ta an san kuɗinta a Takau. To balle a ce mutum ya kafa gora biyu a tsakar gida, ya ɗaura farin ƙyalle, wai zai riƙa kallon fim shi da iyalinsa kaɗai. Iyali? A wannan garin?

Maƙwabcina ne ya fara. Ɗansa da ke karatu a Zariya ya zo hutun Kirsimeti da wata 'yar na'ura mai haska hoto, girmanta bai wuce burodin yanka ba. Aka jona ta da waya, aka haska a bangon ɗaki, sai ga fuskar Ali Nuhu da tsagewar siminti tun daga goshi har haɓa. Nan maigidan ya ce sai an yi allo.

Sai aka faɗa wa zanin gadon uwargida, farin nan da take ajiyewa don baƙi. Ta tsaya riƙe da ƙugu ta ce, "Baban yara, wannan fa na aurena ne." Ya ce aro ne, gobe za a mayar. Yau wata nawa ke nan, zanin nan bai sake ganin katifa ba.

Ga yadda muke yi, don yanzu gida uku ne a layinmu ke da shi, kowa kuma ya zama injiniya. Gora ba ta mana wuya, bakin rafi take. A haƙa rami biyu, a kafa, a danne gindi da duwatsu. A kai ƙyallen wurin tela ya naɗe bakinsa sama da ƙasa, ya bar hanyar zura sanda, don nauyin sandar ƙasa shi ke miƙar da shi. In faɗin ya kai ƙafa takwas, tsayin ya zama huɗu da rabi, sai hoton ya cika allon daidai, babu kan jarumi a kan bishiyar mangwaro. A baya kuma a sa baƙin tamfol, in ba haka ba hasken ya ratsa ya tafi gidan maƙwabta, hoton ya koɗe kamar tsohuwar atamfa.

Wannan ilimin duk da wahala muka same shi. Daren farko babu sandar ƙasa, ga iskar hunturu tana saukowa daga duwatsun Kagoro. Ƙyalle ya cika ya batse, kumatun jaruma suka kumbura, ana tsakiyar kuka a fim mu muna dariya. Wani ya kawo shawarar buhun citta, wai ga su nan fari fat, a ɗinke huɗu. Aka ɗinke. Saƙar buhun ta riƙa ƙyalli, kowa a fim ɗin ya fito kamar mai ƙyanda. Wanda ya fi kowa dabara kafintan ƙarshen layi ne. Bayan zaɓen 2023 ya tsinci babban allon tallar wani ɗan takara, irin na roba ɗin nan, ya juya bayansa, fari sumul ba ya tattarewa. Illarsa ɗaya: da zarar wurin haske ya zo a fim, sai ga ɗan takarar yana leƙowa daga baya da murmushinsa. Mutumin bai ci zaɓe ba, amma ya fito a fim ya fi ashirin.

Tsofaffinmu ba su ga abin mamaki ba. Kawu, wanda ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, yana zaune Bayan Loko, ya zo ya duba allon sama da ƙasa ya ce, "Yaro, ai majigi ne kuka dawo da shi." Gaskiyarsa. Zamanin Turawa da na En'e mota ce ke yawo gari gari da injinta da farin ƙyalle, a kafa a fili bayan faɗuwar rana, a nuna yadda ake tsabta da yadda ake noma, wani na riƙe da lasifika yana fassara. Har yau in ka ce Baban Larai, fim ɗin noman auduga, akwai tsohon da zai gyara zama. Daga baya masu bishara suka ɗauki salon: fim ɗin Yesu na 1979, da aka juya zuwa Hausa, ƙauyuka da yawa a kudancin Kaduna a jikin farin ƙyalle suka gan shi, a filin coci ko na firamare. Kawu ya ce suna yara ta bayan ƙyallen suke zama in gaba ya cika, su ga komai a juye, kowa bahago. Jikokinsa ma haka suka yi kafin mu sa tamfol, ba wanda ya koya musu.

Amma fa rigimar ba a gora take ba, a zaɓen fim take. Garin da dogon Jos ya tashi daga cikinsa tun 1927 ya tara kowa: Fantswam, Bajju, Atyap, Ham, Hausawa, Fulani, Ibo, Yarbawa, kuma duk sun haifa a layinmu. Mata na son Labarina, ko a maimaita musu Daɗin Kowa. Mama ta gidan kusa da coci ta ce in ba na Mount Zion ba ne ba za ta ɓata barcinta ba, kuma ita ce ke fara zuwa da kujerarta ko me aka sa. Samari na son fassarar Algaita, inda Ba'indiye ke zagi da Hausar Kano. Malam mai shago ya ce a jira a idar da Isha'i, ana jira kuwa, ba mai gardama. Abu ɗaya ne ban taɓa jin an yi musu a kansa ba: marigayi Ibro. Tun 2014 ya rasu, amma in aka sa shi har mai jegon da ta ce kanta na ciwo sai ta fito.

Ni a ganina sunan "kallon iyali" ƙarya muke wa kanmu. Katangarmu gajera ce, lasifikar kuma ba ta san iyaka ba. Kafin a gama rubutun farko yara sun cika tabarma, wasu na kan katanga, mai gyaɗa ta aje farantinta a bakin ƙofa kamar an gayyace ta. Ranar nan na ƙirga kai talatin da ɗaya a gidan mai 'ya'ya huɗu. Maigidan ya yi gunaguni, ya ce gobe zai kulle ƙofa. Washegari shi ne ya aika a aro benci.

Sai maganar wuta. In ta ɗauke ana tsakiyar faɗa, ihun da ake yi ya isa ya tashi Zonkwa. Da janareta muke rufa wa kanmu asiri, amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 sai an yi karo-karo kafin a ja igiya. Yanzu batirin sola ne ke ɗaukar nauyin, ya kai fim ɗaya da rabi in an yi rana. Rabin da ya rage kuwa akwai yarinyar da ta riga ta gani a waya, ita ke ƙarasa mana da baki, har da kukan.

Da damina sinima hutu take. Ruwan garin nan ba ya sallama, kuma daren da shinge ya fito duk hasken allon yake bi, yara su watsar da fim su ɗauko kwano da ruwa. Lokacinmu daga Nuwamba ne zuwa Maris, da rigar sanyi da kunun tamba mai zafi.

Asabar mai zuwa a gidana ne, bayan Isha'i. Mai zuwa ya zo da abin zamansa. Wanda kuma ya tafi da shuɗiyar kujerar robata makon jiya, na san ka, ka dawo da ita.