Masu cewa layi ashirin ya isa

Na san ku ai. Tun kafin in rufe baki daga ambaton Apache NiFi da Elasticsearch kun fara taɓe naku. Wai mene ne abin wahala a ɗebo bayanai daga rumbu a zuba wa injin bincike? Layi ashirin na Python, a kurɓi shayi, a kama hanyar gida. To sannunku da aiki, manyan injiniyoyi. Zai yi aiki kuwa, ran Litinin da hantsi, kuna zaune kun zuba masa ido. Ni ƙarfe biyun dare nake tambaya, lokacin da kuke sharar minshari.

Elasticsearch, wanda Shay Banon ya fitar a 2010 bisa Lucene na Doug Cutting, ba ya jiran a yi tambaya sannan ya hau karatu. Da takarda ta shigo yake yayyanka ta kalma-kalma, ya rubuta kowace kalma da jerin takardun da take ciki, shi ya sa amsa ke fitowa kafin ƙiftawar ido. Sai dai yankan nan yana cin ƙarfi. In aka antayo masa abin da ya fi ƙarfinsa, sai ya mayar da lamba 429, wato a dakata, baki ya cika. Layukanku sun san 429? Ko su faɗi, ko su ci gaba da ɗura kamar mai zuba man gyaɗa a kwalba babu mazurari, rabi ciki rabi ƙasa.

NiFi kuwa, bututun da ke kai bayanai daga rumbu zuwa injin, yana ajiye layin jira tsakanin kowane mataki da na gabansa. In ba a taɓa saitin ba, da layin ya kai guda 10,000 ko gigabait 1, sai na baya ya tsaya cak har gaba ta sarara. Abin da ke jiran kuma a faifai yake rubuce, ko an ɗauke wuta, in ta dawo daga inda aka tsaya za a ɗora.

"Sai mu sa ya sake turawa," in ji wani daga baya can. Madalla, Malam. Ka sake turawa ba ka ba kowace takarda lambar shaida tata ba, injin ya ƙirƙira mata sabuwa, gobe mai bincike ya ga rasiti ɗaya ya fito sau uku. Ka gyara wannan? To saura wanda ya fi ba ni dariya. Idan ka tura takardu dubu a dunƙule, Elasticsearch yana iya amsa maka da 200, alamar lafiya lau, alhali a cikin amsar ya lissafo waɗanda ya ƙi karɓa ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai buɗe ya karanta ba sai ya kwana da murna. Me ya sa ya ƙi su? Sau da yawa saboda takardar farko ce ta yanke hukunci: ya ga kwanan wata a wani gurbi, ya ɗauka gurbin na kwanan wata ne har abada, sai ga wata ta zo da "ba a sani ba" a wurin. A NiFi waɗanda aka ƙi hanyarsu daban, a tara su gefe, kuma kowace tana da tarihin inda ta fito da abin da aka yi mata. Yanzu layin naku nawa ya zama? Ku ƙirga, ba na sauri.

Ga kuma namu na gida. Mai waya ya rubuta "kasa" yana neman "ƙasa". Lucene yana da matatar da ke mayar da ƙ, ɗ da ɓ zuwa k, d da b, amma sai an kunna ta kafin a zuba bayanai. In aka tuna daga baya, sai a sake zuba komai daga farko, kuma a ranar ne ake sanin wanda bututunsa ke iya maimaita tafiya.

Zan ba ku ɗaya, kada ku ce na cika son kai. NiFi da Java aka gina shi, ga nauyi ga cin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Fayil ɗaya da za a zuba sau ɗaya a shekara bai cancanci wannan hidimar ba.

Shi kuma Alhaji da ya yi shiru tun ɗazu, na san abin da ke cinsa. Ya ji cewa hukumar leƙen asirin Amurka, NSA, ita ta ƙera NiFi da sunan Niagarafiles, kafin ta sake shi ga jama'a a 2014. Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Amma lambobinsa a buɗe suke a hannun gidauniyar Apache, kowa na iya bin su layi-layi. Wayar da ke aljihun babbar rigarka fa, wadda ta san masallacin da ka yi Asuba, wa ya taɓa buɗe maka cikinta?